NAZARI: Yadda ƙaramin boris ke tsayar da masana'anta a Gummi

Idan aka ce masana'anta a ƙasar Gummi da maƙwabtanta Bukkuyum da Anka, ba ana nufin dogon bututun hayaƙi da dubban ma'aikata masu shiga aiki da jiniya ba. Masana'antar yammacin Zamfara ita ce injin casar shinkafa da ke ƙarƙashin rumfar kwano, da injin niƙan hatsi na bakin kasuwa, da na matsar man gyaɗa, da na buga bulo, da na ɗura ruwan leda, sai kuma injunan da ke farfasa dutse a ƙauyukan da ake haƙar zinariya. Da su ake mayar da abin da gona da ƙasa suka bayar ya zama haja, kuma a jikinsu gidaje masu yawa ke cin abinci: mai inji da yaransa, da mata masu turara shinkafa, da 'yan dako, da masu amalanke.

Kusan dukkan waɗannan injuna daga waje suka zo, ko kuma an haɗa su a Kano ko Kaduna da sassan da aka shigo da su daga Sin da Indiya. Shi ya sa ranar da wani ɗan abu ya lalace a cikinsu, boris ne ko bel ko nozul, aiki kan tsaya cak har sai an nemo shi daga wani gari. Sau da yawa kuɗin abin da ya lalace bai kai cinikin yini guda ba. Asarar tana cikin kwanakin jira, lokacin da shanshera ke jibge, masu kaya na kwashe buhunansu zuwa wani wuri, ma'aikata kuma na zaune babu na cefane.

Batun ya cancanci a dube shi yanzu saboda dalilai biyu. A watan Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ƙaƙaba wa Zamfara tun Afrilun 2019, abin da ke nufin sababbin injuna za su ƙara shigowa Anka da Bukkuyum. Sannan zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma kowa ya san kakar siyasa kakar rabon injuna ce.

Abin da ke cinyewa a cikin inji

Injin casa na zamani yana da robobi biyu masu siffar ganga da ke juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ta fi ɗaya gudu. Shanshera na bi ta tsakaninsu, bambancin gudun ne ke yage ɓuntu daga jikin ƙwaya ba tare da an farfasa ta ba. Sai dai ɓuntun shinkafa cike yake da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi, don haka kullum yana goge robar kamar sanfefa. Cinyewarta ba haɗari ba ne, ɗabi'ar aikin ce. Idan kuma an shanya shinkafar a ƙasa ko a gefen kwalta, ta kwaso tsakuwa, robar kan mutu kafin lokacinta, ragar da ke goge ƙwaya kuma ta huje.

Akwai tsohon samfuri, mai suna Engelberg, wanda aka ƙirƙiro a Brazil a ƙarshen ƙarni na 19. Shi ƙarfe ne zalla, yana casa da gogewa a bugu ɗaya. Yana karya shinkafa da yawa, abin da ke rage mata daraja a kasuwa, amma mai walda na gari zai iya ɗinke shi ya ci gaba da aiki. A nan ne ake ganin tsaka mai wuyar da mai inji ke ciki. Samfurin da ke fitar da shinkafa mai kyau, wadda za ta yi gogayya da ta kamfani, shi ne wanda ke ɗaure mutum da robar da ake ƙerawa a Asiya. Samfurin da ake iya gyarawa a gida kuma shi ne mai zubar da riba a cikin karyayyiyar ƙwaya. Duk wanda ya shawarci masu casa su koma na zamani, bai kuma tanadi hanyar da roba za ta riƙa iso musu ba, ya ba su rabin shawara ne.

Bayan injin casa akwai mai juya shi. Da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a yankin, yawanci injin dizal ne mai silinda ɗaya, ko ɗan Indiya mai ƙirar Lister ko ɗan Sin. Abokan gabansa biyu ne, gurɓataccen mai da ƙurar hunturu. Na farko yana kashe nozul da famfon mai, na biyu yana cinye ringi idan matatar iska ta toshe ko an cire ta an yar.

Masana kula da injuna kan raba kayan gyara gida uku. Akwai masu cinyewa da aiki, waɗanda ake iya ƙiyasta ranar mutuwarsu, kamar roba da raga da bel da matatar mai. Akwai masu lalacewa jefi-jefi ba tare da sanarwa ba, kamar boris da ringi da nozul. Akwai kuma manya masu tsada da kan yi shekaru ba su sami matsala ba, amma ranar da suka karye sai inji ya yi wata a kwance, kamar karanshaf ko babbar motar lantarki. Hikimar rabon ita ce kowane rukuni da inda ya kamata a ajiye shi: na farko a kan kantar mai inji, na biyu a shagon cikin gari, na uku kuma a wata ma'ajiya ta haɗin gwiwa, domin mutum ɗaya ba zai iya binne jarinsa a cikin ƙarfen da watakila sai bayan shekara biyar zai buƙace shi ba. Abin da aka fi gani a ƙananan masana'antu shi ne a yi wa rukunan uku hukunci ɗaya, wato a jira sai abu ya karye sannan a ɗaga waya.

Lissafin ba mai wuya ba ne. A ɗauka robobin wani inji na yin kwana 10 a lokacin kaka kafin su cinye, saƙo daga Kano kuma na ɗaukar kwana 4. Idan mai injin ya aika a kawo sababbi a rana ta biyar, aikinsa ba zai tsaya ba. Amma idan hanya ta rikice har saƙon ya koma ɗaukar kwana 12, to dole ne a kowane lokaci ya kasance da aƙalla saiti biyu a ajiye. Yawan abin da ya kamata a ajiye ya dogara ne da tsawon jira da kuma rashin tabbas ɗinsa, kuma a Gummi duka biyun sun yi yawa.

Ɗaliban harkar kasuwanci sun san tsarin da kamfanin Toyota ya shahara da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na kawo kowane sashe daidai lokacin da ake buƙatarsa domin a guje wa tara kaya. Tsarin ya ginu ne a kan titi lafiyayye da masu kawo kaya da ke kusa. Ko Toyota ɗin, bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Japan a 2011, ya koma sa masu kawo masa wasu sassa su riƙa ajiye na watanni. Mai inji a Gummi yana bin tsarin rashin ajiya ne ba don ya zaɓa ba, kuma ba shi da ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan da ke sa tsarin ya yi aiki.

Hanya

Daga Gummi zuwa Gusau sai an bi ta Daki Takwas da Anka da Mayanchi, hanyar da ta sha shiga labarai saboda tare motoci da satar mutane. Direbobi na kauce wa tafiyar dare da ta sassafe, wani lokaci kuma a yi cirko-cirko a jira labarin gaba. Saboda haka masu injuna da yawa sun daina zuwa da kansu. Sukan ɗauki hoton abin da ya lalace su tura wa ɗan kasuwa a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Sakkwato ta WhatsApp, su tura kuɗi, a ba direba a tasha.

Dabarar na aiki, amma tana da rami. Boris yana da lamba a jikinsa wadda ke nuna girmansa, kuma idan ya ƙone lambar kan goge. Littafin da ya zo da inji, in ma ya zo, ya daɗe da ɓata, ko kuma da rubutun Sinanci yake. Hoto ba ya nuna bambancin milimita biyu. Idan aka kawo wanda bai shiga ba, kwanakin jira sun ninka ke nan. Ga kuma jabu: boris mai ɗauke da sunan sanannen kamfani a kwali, wanda ba zai yi mako biyu ba, kuma idan ya tarwatse yakan cinye sandar da yake riƙe da ita, ƙaramar ɓarna ta haifi babba.

Watan Satumban 2021 ya nuna iyakar wannan tsari. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta rufe kasuwannin mako-mako tare da hana sayar da mai a jarka. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun kaya da bayanai. Sai dai injin niƙa ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa, kuma oda ta waya ba ta yiwuwa babu waya. An yi ta muhawara a kan ko matakan sun rage hare-hare. Ba a cika tambayar me suka yi wa ƙananan masana'antu ba, alhali duk matakin tsaro irin wannan yana da farashin da masu injuna ke biya.

Rashin tsaro na hana bakanike ma tafiya. Gwanin famfon dizal da ke Gusau ba zai yarda ya shiga ƙauyen Bukkuyum saboda aiki ɗaya ba, sai dai a kwance injin a kai masa.

Naira da kuɗin ruwa

Tambayar da ke biyo baya ita ce me ya hana 'yan kasuwar Gummi cika shagunansu da waɗannan kaya, tunda ga masu saye. Amsar tana Abuja. Kafin tsakiyar Yunin 2023 ana canza dala a hukumance a kan kusan naira 460. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Duk wani abu da aka shigo da shi ya bi sahu, kuma da yake da farashin canji ake lissafa kuɗin kwastan, tsadar ta zo ta ƙofa biyu.

Ɗan kasuwar da ya sayar da boris goma a farashin jiya ya tarar kuɗin ba za su sayo masa biyar ba a yau. Jarinsa ya ragu ko da a takarda ya ci riba. Idan ya ce zai ci bashi, a Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. A irin wannan yanayi, ajiye ƙarfen da zai yi wata takwas a kanta kafin a neme shi asara ce tsagwaronta. Sai ɗan kasuwa ya taƙaita ga abin da ke fita kullum, kayan babur da na janareta, ya bar na injin casa sai an yi oda. Ba za a zarge shi ba, lissafinsa daidai ne. Amma sakamakon shi ne nauyin ajiya ya tashi daga kan mai shago ya koma kan mai inji, shi ma bai iya ɗauka ba, a ƙarshe ya sauka a kan manomin da zai sayar da shansherarsa da araha ga 'yan sari masu kai ta manyan kamfanonin Kebbi da Kano. Ribar sarrafawa, da ɓuntu da dusa da aikin yi, duk su bi mota su bar gari.

Akwai abin lura game da shekarun da suka gabata. Shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun sa mutane da yawa a Arewa maso Yamma sun zuba jari a injunan casa. An sayi injunan ne lokacin dala na ƙasa da naira 500. Yanzu da suka tsufa suka fara neman manyan gyare-gyare, da dalar yau za a sayi kayan.

Darasin Bakolori

Zamfara ba baƙuwar wannan ciwo ba ce, kuma babban misalinsa yana Talata Mafara, a cikin mazaɓar sanata ɗaya da Gummi. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978. An tsara za ta shayar da kadada 23,000, kusan 15,000 daga ciki ta hanyar feshi da famfuna da bututu, saura ta magudanai. An biya farashi mai nauyi kafin a kai ga haka, har da rayukan manoman da 'yan sanda suka kashe a Afrilun 1980 lokacin da suke neman diyyar gonakinsu.

Zuwa farkon shekarun 2000 ɓangaren feshin ya daina aiki. Wanda ya rage yana amfani shi ne na magudanai, mai sauƙi, wanda ruwa ke gangarowa da kansa. Dalilan sun haɗa da wuta, da satar bututu, da ƙarancin kuɗin gudanarwa, amma a ƙarƙashinsu duka akwai abu ɗaya: an zaɓi fasahar da kowane famfo da kowane kan feshi nata sai an nemo shi daga Turai, ba a kuma gina hanyar da za ta riƙa kawo su shekara da shekaru ba. Sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a 2014, a ƙarƙashin shirin TRIMING na dala miliyan 495 wanda Bakolori ke cikin manyan wuraren da ya shafa, sannan aka koma gyara, kuma gyaran ya haɗa da mayar da wani sashe na filin feshin zuwa magudanai.

Masaƙu ma sun bi ta wannan hanya. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, lasisin shigo da kaya ya zama abin nema ruwa a jallo. Masana'antu a Kano da Kaduna suka shiga kwance wasu injuna domin ciyar da wasu, dabarar da ke sa a ga kamar ana aiki alhali kamfani na cin naman jikinsa ne. Faɗuwar naira bayan shirin SAP na 1986 ta ƙara tsananta lamarin. Masaƙar Zamfara da ke Gusau, wadda aka kafa a shekarun 1960 ta kuma kasance cikin rukunin UNTL na Kaduna, ta daɗe tana jurewa kafin ta rufe, ita ma UNTL ta tsaya a 2007. Fasa-ƙwauri da tsadar makamashi ne suka fi ɗaukar laifi, kuma sun cancanta. Amma tsofaffin injunan da masu ƙera su suka daina yi musu kayan gyara na cikin abin da ya hana masaƙun gogayya.

Siyasar yanke ƙyalle

Inji sabo yana da hoto. Ana jera shi a fili, a ɗaura masa ƙyalle, a kira 'yan jarida. Kwalin boris ba shi da wannan farin jini, kuma babu ɗan siyasar da aka taɓa yi wa kirari saboda ya cika ma'ajiya da bel. Daga nan matsalar ke farawa a ɓangaren gwamnati. Kasafin kuɗi na ware maƙudai ga sayen kadara, kula da ita kuma a bar wa kuɗin gudanarwa, wanda shi ake fara yankewa idan aljihu ya tsuke.

Ayyukan mazaɓu sun ƙara dagula lissafin ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Bana wannan ɗan majalisa ya raba injunan niƙa daga wani ɗan kwangila, baɗi wancan ya raba wasu daga wani daban, wata ƙungiyar agaji ta kawo nata, ma'aikatar jiha ta kawo nata. Gari ɗaya sai ya tashi da samfuri shida ko bakwai, kowanne da girman borisinsa da tsawon bel ɗinsa. Da a ce injuna 60 na gari samfuri biyu ne, mai shago zai iya ajiye kayansu da ƙwarin gwiwar za su fita, bakanike kuma ya ƙware a kansu. Idan suka rabu gida bakwai, babu samfurin da ke da yawan da zai biya kuɗin ajiya. Yawan kyauta ba tare da tsari ba na iya barin gari da tarin ƙarafan da 'yan gwangwan kaɗai za su amfana da su.

A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka sayo daga Belarus, aka kuma sanar cewa sun zo da kayan gyara da motocin gyara na tafi-da-gidanka. Wannan ci gaba ne a kan yadda aka saba. Gwajin gaskiya sai kayan da suka zo da su sun ƙare, domin Najeriya ta taɓa haɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano, ta kuma shigo da wasu samfura masu yawa bayansu, kuma harabar ma'aikatun gona a jihohi da dama ta zama maƙabartarsu.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ba ta hana a saka sharaɗi a kwangila ba. Ana iya wajabta wa mai kawo inji ya haɗo da kayan cinyewa na shekara biyu, da jerin lambobin sassa, da sunan wakili a Gusau ko Sakkwato, da horar da bakanikai na yankin, a kuma riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai ya cika. Ana iya auna tayin 'yan kwangila da abin da inji zai ci a tsawon rayuwarsa maimakon farashin ranar saye kaɗai. Rashin yin hakan zaɓi ne.

Inda batun ya zama na rai

A Anka da Bukkuyum maganar inji ta wuce ta riba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda aƙalla yara 400 suka rasu. Dutsen zinariyar yankin na ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana niƙa shi a bushe, sau da yawa da irin injunan da aka ƙera domin hatsi, a cikin gidaje da unguwanni. Ƙurar ce ta shiga jikin yara. Bagega ta jira har 2013 kafin a share ƙasarta, bayan matasan Follow The Money sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin aikin.

Maganin da masana suka nuna shi ne niƙa da ruwa ko fesa ruwa a bakin inji domin kwantar da ƙura, da fitar da aikin daga cikin gari. Amma wannan na buƙatar famfo da tiyo da kan feshi, ƙananan abubuwa masu toshewa da lalacewa. Ranar da famfon ya mutu babu madadinsa a kusa, mai dutse ba zai zauna jiran mako biyu ba, zai koma niƙan bushe. Duk wani shirin haƙar ma'adinai mai tsafta da za a kawo bayan ɗage haramci zai rayu ne gwargwadon yadda kayan gyaransa ke samuwa a Anka. Hukumomin lafiya da na ma'adinai ba su saba kallon shagon kayan gyara a matsayin rigakafi ba, amma a nan haka yake.

A ƙera a gida?

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce a ƙera kayan a Najeriya. An gwada daga sama. An fara Ajaokuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyat, har yau ba ta narka ƙarfe daga tama ba. An kafa kamfanin ƙera injunan sassaƙa ƙarfe a Osogbo a 1980 tare da HMT na Indiya, aka sayar da shi a 2007. Hukumar NASENI, da aka kafa a 1992, tana da cibiyoyi a Kano da Minna da Nnewi da wasu garuruwa. Nisan da ke tsakanin waɗannan da mai casa a Gummi bai ragu ba.

Inda aka ga nasara, daga ƙasa ta taso. A Kumasi ta ƙasar Ghana, jami'ar kimiyya da fasaha ta garin ta buɗe wata cibiya a 1980 a tsakiyar Suame, unguwar bakanikai, maimakon a harabarta. Ta kai musu injunan sassaƙa ƙarfe da dabarar narka shi a zuba, har masu sana'ar wurin suka fara ƙera faifan injin niƙa da sauran sassan da a da ake shigowa da su. A Nnewi kuma 'yan kasuwar kayan gyara ne da kansu, bayan shekaru suna sayowa daga Taiwan, suka kafa masana'antu a shekarun 1980. Sun san abin da ke fita a kanta, don haka sun san abin da ya cancanci a ƙera. Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna na da irin wannan ilimi da irin waɗannan hannaye.

Sai dai a yi hattara da ɗoki. Ba kowane abu ne za a iya yi a maƙerar gari ba. Boris da nozul na buƙatar daidaito na ƙasa da kaurin gashi da ƙarfe na musamman, kuma za a ci gaba da shigo da su na tsawon lokaci. Abin da ake buƙata a kansu shi ne hukumar SON ta tsare kasuwa daga jabu. Waɗanda za a iya yi a kusa su ne sanda, da fule, da raga, da faifan niƙa, da sake naɗa wayar mota. Ko a nan akwai haɗari, domin faifan da aka zuba da tarkacen ƙarfe ba tare da gwaji ba yana saurin cinyewa, kuma abin da ya cinye a cikin garin tuwo yake ƙarewa. Ƙirar gida da babu awo na iya zama wata cutar.

A nan ne makarantun jihar ke da abin yi. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da ta tarayya da ke Ƙauran Namoda suna koyar da aikin injiniya. Abu na farko da ɗalibansu za su iya yi bai buƙatar ko inji ɗaya: su bi Gummi da Anka da Bukkuyum su ƙidaya injunan da ke akwai, samfurinsu, lambobin sassansu, da abin da ya fi lalacewa a kowanne. Da wannan rajista ƙungiyar masu casa za ta san saiti nawa na roba za ta sayo a dunƙule kafin kaka, ta san karanshaf na wane samfuri ya kamata ta ajiye guda ɗaya domin kowa, mai shago ya san abin da zai zuba wa jari, ƙaramar hukuma kuma ta sami hujjar ce wa mai kyauta ya kawo irin wanda gari ya riga ya sani.

Ma'ajiyar haɗin gwiwa na da nata haɗari, kuma tarihin ƙungiyoyin gama kai a Arewa cike yake da asusun da shugabanni suka cinye. Inda irin wannan tsari ya ɗore, yawanci kayan na hannun ɗan kasuwa ne mai neman riba, ƙungiya kuma ta ba shi tabbacin za ta saya, ta kuma riƙe littafin da kowane mamba zai iya dubawa.

Matasan da ke bin diddigin ayyukan mazaɓu, irin masu aiki da Tracka, kan tsaya ne a tambayar ko an kawo injunan da aka rubuta a kasafi, kuma nawa aka kawo. A mazaɓar Gummi da Bukkuyum akwai ƙarin tambayoyi da takardar kwangila za ta iya amsawa: wane samfuri ne, wa ke sayar da kayansa a Gusau, saiti nawa na kayan cinyewa aka haɗo da shi, kuma cikin waɗanda aka raba a zangon da ya wuce guda nawa ke juyawa a yau.